Yadda Ake Amfani da Kalmar 加 (jiā) ta Sinanci a Maganar Yau da Kullum

Ɗan kasuwar da yake saro kaya a Guangzhou ko Yiwu, da ɗalibin da ya je karatu ƙasar Sin, da mai aiki tare da Sinawa a kamfanin gina hanya a nan gida, dukkansu suna jin kalmar 加 sau da yawa a yini. A rubutun pinyin, wato Sinancin da aka rubuta da haruffan boko, ana rubuta ta jiā. Ma'anarta ƙarawa: a ɗora wani abu a kan wanda yake akwai. Da ita ake neman ƙarin nama a kwanon taliya, da ita ake shan mai a mota, da ita ake karɓar lambar WeChat (manhajar saƙo ta waya) ta mai shago, kuma da ita mai shagon zai gaya maka cewa sai ka ƙara kuɗi. Aikatau ce mai sauƙi, domin siffarta ba ta canzawa ko don lokaci ko don mai magana. Wahalarta tana wuri biyu: jerin ƙananan kalmomin da suke zuwa kafin ta, da kuma sanin wuraren da Bahaushe yake cewa "ƙara" amma Basine ba ya cewa 加.

Mataki na farko: gyara furuci

Jiā gaɓa ɗaya ce. Kada ka raba ta gida biyu ka ce "ji-ya". Wasalin i gajere ne ƙwarai, harshe yana wucewa ta kansa ne kawai ya sauka a kan a. Amma kada a yar da shi gaba ɗaya, domin idan ka ce "ja" irin ta Hausa, kunnen Basine zai fi jin zhā, wadda take nufin soka ko huda.

Ga yadda ake fitar da baƙin j ɗin. Ka sa tsinin harshenka a bayan haƙoranka na ƙasa, ka bar shi nan. Ka ɗaga tsakiyar harshe ya taɓa ganɗa, ka ɗan buɗe leɓɓa gefe da gefe, sannan ka saki sautin ba tare da hura iska ba. Abin da zai fito yana tsakanin c da j na Hausa. Ka gwada da takarda mara nauyi a gaban bakinka: idan ta motsa sosai, to qiā ka faɗa, wato mintsini. Idan ta tsaya cik, ka dace.

Sai karin sauti, kuma a nan mai jin Hausa ya fi mai jin Turanci sa'a, tunda harshenmu ma yana bambanta kalmomi da karin sauti. Jiā tana da sauti na ɗaya daga cikin huɗun Sinanci: sama, a miƙe, ba hawa ba sauka, kamar yadda muryarka take a kan gaɓoɓin "rana". Idan ka bar muryar ta faɗo kamar a kalmar "yau", ka koma sauti na huɗu, jià, wanda yake cikin kalmar farashi. Idan ka nutsar da ita ƙasa, ka faɗi jiǎ, wato jabu, kalmar da ba ka so ta kuɓuce maka a gaban mai kaya ba da niyya ba. Abin da ya fi kama masu jin Hausa shi ne yadda murya take gangarowa a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta a maganarmu. Idan jiā ta zo a ƙarshen doguwar jimla, sai ka ji ta sauko ba tare da ka sani ba. Maganinsa shi ne ka ɗauki muryarka a waya kana cewa bù néng zài jiā, ka saurara, ka tabbatar gaɓar ƙarshe tana nan a sama.

Mataki na biyu: gane harafin

Zane biyar ne. A hagu akwai 力, mai nufin ƙarfi, zane biyu: a fara da wanda ya tafi dama ya karyo ƙasa da ɗan ƙugiya, sannan mai gangarowa hagu. A dama akwai 口, mai nufin baki, zane uku: na tsaye a hagu, sai na sama da ya karyo ya sauko ta dama, sai a rufe ƙasa. A waya kuwa "jia" kawai za ka buga a allon pinyin, amma ka duba da kyau kafin ka zaɓa, domin 家, wato gida, furucinsu ɗaya sak har da karin sauti, kuma sau da yawa ita take fara fitowa. Za ka kuma ga 加 a sunayen ƙasashe kamar 加纳 (Gana), 加拿大 (Kanada) da 新加坡 (Singafo). A nan sautinta kawai aka ara.

Mataki na uku: 加 da abin da za a ƙara

Ginshiƙin jimlar daidai yake da na Hausa: aikatau, sai abin da ake so. 加水 jiā shuǐ, ƙara ruwa. 加糖 jiā táng, ƙara sukari. 加盐 jiā yán, ƙara gishiri. 加肉 jiā ròu, ƙara nama. 加冰 jiā bīng, sa ƙanƙara.

Da zarar adadi ya shigo, jerin ya saɓa da namu. Mu muna cewa "ƙwai ɗaya", suna kafin lamba. Su lamba ce take fara zuwa, sai kalmar awo, sai sunan abin. Don haka 加一个鸡蛋 jiā yí ge jīdàn, ƙara ƙwai ɗaya. 加一碗饭 jiā yì wǎn fàn, ƙara shinkafa kwano ɗaya. 加一份肉 jiā yí fèn ròu, ƙara nama kaso ɗaya. Kalmar awon ba a tsallake ta. Idan ba ka san wadda ta dace da abin ba, yi amfani da 个 ge, za a gane ka. Kuma biyu a nan 两 liǎng ce: 加两个 jiā liǎng ge. Èr, ɗaya kalmar mai nufin biyu, ta ƙirga da lissafi ce, ba a sa ta gaban kalmar awo irin ge.

Abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da yaji da gishiri, ana sa masa "ɗan kaɗan": 加点儿水 jiā diǎnr shuǐ a bakin mutanen arewa irin su Beijing, 加一点水 jiā yìdiǎn shuǐ a kudu, inda Guangzhou da Yiwu suke. Wannan ɗan ƙarin yana tausasa magana. Jiā shuǐ kaɗai tana fita kamar umarni.

Mataki na huɗu: ƙananan kalmomin da suke zuwa kafin 加

Wannan ne matakin da ya cancanci mafi yawan lokacinka. Bahaushe yana cewa "ƙara yaji da yawa", "sa sukari kaɗan", wato bayanin yawa yana zuwa a ƙarshe. A Sinanci, idan kana neman a yi maka abu, bayanin yana zuwa kafin aikatau:

多加点儿辣椒 duō jiā diǎnr làjiāo, a sa yaji da ɗan yawa.
少加点儿糖 shǎo jiā diǎnr táng, a sa sukari kaɗan kawai.
再加一个 zài jiā yí ge, a ƙaro wani guda ɗaya.

Wanda ya juya ya ce jiā duō le ya faɗi wani abu dabam: an riga an sa, kuma ya yi yawa. Ƙorafi ne a kan abin da ya wuce. Haka jiā shǎo le, an sa amma bai isa ba. Duka biyun suna da amfani, sai dai a san cewa duō a gaba roƙo ne, duō a baya tare da le kuka ne.

Korewa ma kala uku ce, kuma musanya su yana jawo ruɗani a wurin cin abinci. 不加 bù jiā tana nufin ba a so, ko ba a saba sawa ba: 不加冰 bù jiā bīng, ban da ƙanƙara. 别加 bié jiā ko 不要加 bú yào jiā hani ne kai tsaye, kada ka sa. 没加 méi jiā kuwa labarin abin da ya wuce ne: 没加盐 méi jiā yán, ba a sa gishiri ba. Idan ka ce wa mai dafuwa méi jiā làjiāo kana nufin kada ya sa yaji, shi zai ɗauka kana kukan an manta ne, ya ɗebo ya zuba maka. Lura kuma da sautin 不: gaban jiā tana nan a faɗuwarta, bù, amma gaban yào tana komawa mai hawa, bú, saboda yào ma mai faɗuwa ce.

Tambaya tana da hanya biyu. Ko a sa 吗 ma a ƙarshe, 要加糖吗 yào jiā táng ma, ko a maimaita aikatau da korewa a tsakiya, 加不加糖 jiā bu jiā táng. Amsa ba ta buƙatar "i" ko "a'a": ka ce jiā ko bù jiā. Don tambayar ko an riga an sa, 加了吗 jiā le ma, amsar kuma jiā le ko méi jiā. Kada a haɗa méi da le a wannan amsa.

Wata magana ga Musulmi, tunda an zo kan abinci. Cewa 不加猪肉 bù jiā zhūròu, ban da naman alade, ba ya wadatarwa a gidan abincin da ba na Musulmi ba, domin jimlar ta shafi abin da za a ɗora a sama ne kawai. Romon yana iya zama na ƙashin alade, ana iya suya da kitsensa, 猪油 zhūyóu, kuma girkin Sinawa yana yawan amfani da giyar dafuwa, 料酒 liàojiǔ. Abin da ya fi shi ne a nemi alamar 清真 qīngzhēn, wato halal, wadda ake gani a shagunan taliyar Lanzhou da suke kusan kowane birni, da gidajen abincin unguwar Xiaobei a Guangzhou. A irin waɗannan shaguna za ka yi ta jin 加肉, 加蛋 jiā dàn da 加面 jiā miàn, ƙarin nama da ƙwai da taliya.

Mataki na biyar: faɗin inda za a ƙara da wanda za a ƙara wa

Nan ma wurin yana riga aikatau. "Sa sukari a shayi" ita ce 往茶里加糖 wǎng chá li jiā táng, wato "zuwa cikin shayi, ƙara sukari". Wanda ake yi wa aikin kuma 给 gěi ce take gabatar da shi: 给我加点儿水 gěi wǒ jiā diǎnr shuǐ, ƙara mini ruwa, 给车加油 gěi chē jiā yóu, sa wa mota mai. Ka riƙe jerin a haka: korewa idan akwai, sai wa ko ina, sai yawa, sai 加, sai abin.

Mataki na shida: lissafi da ciniki

A lissafi 加 ita ce alamar tarawa. 三加五等于八 sān jiā wǔ děngyú bā, uku a tara da biyar ya zama takwas. 'Yan uwanta su ne 减 jiǎn ta ɗebewa, 乘 chéng ta ninkawa, da 除 chú ta rabawa. Jiā da jiǎn suna kama a kunne, ga shi ma'anarsu kishiyar juna, don haka a maganar kuɗi ta waya ka nemi a rubuto maka. Alamar da take gaban lambar ƙasa ma jiā ake karanta ta: +234 ta Nijeriya jiā èr sān sì, +227 ta Nijar jiā èr èr qī, +86 ta Sin jiā bā liù.

Idan ka zaɓi kaya iri-iri kana son jimilla, ka ce 加起来一共多少钱 jiā qǐlai yígòng duōshao qián, idan an haɗa duka nawa ke nan. Idan kana son a shigar da wani abu cikin lissafin, 加上 jiāshang ce: 加上运费一共多少钱 jiāshang yùnfèi yígòng duōshao qián, har da kuɗin dako nawa. Wannan ta bambanta da 含运费吗 hán yùnfèi ma, wadda take tambayar ko kuɗin dakon yana cikin farashin da aka faɗa tun farko. Ka fara da ta biyun, sannan ta farkon.

Akwai gaɓa guda da take iya cinye riba idan ba a ji ta ba, ita ce 到 dào. 加五块 jiā wǔ kuài na nufin a ƙara yuan (kuɗin Sin) biyar a kan farashi. 加到五块 jiā dào wǔ kuài na nufin a ɗaga farashin har ya kai yuan biyar. Idan kayan yuan huɗu ne, ta farko ta mai da shi tara, ta biyu ta mai da shi biyar. Haka kuma a saurari 每个 měi ge, kowane ɗaya. 每个加五毛 měi ge jiā wǔ máo, a ƙara mao biyar, rabin yuan ke nan, a kan kowane guda. A baki ƙaramin abu ne, amma a kan guda 2,000 ya zama yuan 1,000. Duk lokacin da aka ambaci ƙari, ka tambaya: 每个还是一共 měi ge háishi yígòng, kowane ɗaya ko gaba ɗaya?

Yadda mai kaya a Kantin Kwari yake cewa "albarka, ƙara dai", haka na Yiwu yake cewa 再加一点吧 zài jiā yìdiǎn ba. Idan ka kai iyakarka, amsarka 不能再加了 bù néng zài jiā le, ba zan iya ƙarawa ba. Idan kuma kana so ka nemi ragi ta hanyar ƙara yawan kaya: 再加五百个，能便宜点儿吗 zài jiā wǔbǎi ge, néng piányi diǎnr ma, in na ƙara guda 500 za a sassauta? Gyara kuwa, wadda mai kaya yake ba ka kyauta, 送 sòng ce: 送一个吧 sòng yí ge ba. Idan ka ce jiā yí ge, za a ƙara maka, a kuma rubuta shi a rasit.

Tambayar da ta fi kowace kare aljihu ita ce 要加钱吗 yào jiā qián ma, sai an ƙara kuɗi? Ka yi ta bayan duk wani canji da ka nema, domin kusan duk canjin da 加 ake faɗinsa: 加厚 jiāhòu, a ƙara kauri, kamar kwali ko leda ko yadi, 加大 jiādà, a ƙara girma, ita ce kuma ake gani a tufafi masu babban awo, 加长 jiācháng, a ƙara tsawo, 加固 jiāgù, a ƙarfafa ɗauri don kada kaya su fashe a jirgin ruwa, 加急 jiājí, a gaggauta. Masana'anta tana iya amsa maka da "to" a kan kowannensu, sai ranar biyan ciko ka ga lissafi ya hau.

Mataki na bakwai: maganganun da aka saba haddacewa a dunƙule

Ciniki a Sin yana tafiya ne a WeChat, wadda su suke kira 微信 Wēixìn. 加个微信吧 jiā ge Wēixìn ba, mu yi musayar WeChat. Za a tambaye ka 我扫你还是你扫我 wǒ sǎo nǐ háishi nǐ sǎo wǒ, ni zan haska lambarka ta QR da waya ko kai za ka haska tawa. Bayan ka tura buƙata, ka ce 我加你了，通过一下 wǒ jiā nǐ le, tōngguò yíxià, na tura, ka amince. Kada ka bar shagon sai ya amince a gabanka, domin mai shagon da baƙi da yawa suke shiga yakan manta.

A gidan mai, 加油站 jiāyóuzhàn, ana faɗin lambar fetur sannan adadi: 九十二号，加两百块 jiǔshí'èr hào, jiā liǎngbǎi kuài, mai lamba 92 na yuan 200. 加满 jiā mǎn, a cika tanki. Man dizal 柴油 cháiyóu ne. Wannan 加油 jiā yóu ɗin dai ita ce ake faɗa wa mai jarrabawa ko ɗan wasa ko mara lafiya don ƙarfafa masa gwiwa, kamar a ce "dage". A kantin da ake sayar da dafaffen abinci kuma za a tambaye ka 要加热吗 yào jiārè ma, a ɗumama maka?

加班 jiā bān ita ce aiki bayan lokacin tashi. Tana da ɗabi'ar da take ba masu koyo wahala: kalma biyu ce a haɗe, kuma tsawon lokaci yana shiga tsakaninsu. Na yi ƙarin aiki na awa biyu ita ce 我加了两个小时班 wǒ jiā le liǎng ge xiǎoshí bān. Kuɗin ƙarin aikin 加班费 jiābānfèi ne, kalmar da duk mai aiki a kamfanin Sinawa ya kamata ya sani kafin ya sa hannu a takarda.

Mataki na takwas: inda "ƙara" ba ta zama 加

"Ƙara" ta Hausa tana da faɗi fiye da 加, kuma daga nan yawancin kurakuran masu jin Hausa suke fitowa. 加 tana son abu a bayanta, abin da za a iya zubawa, a ɗora, ko a ƙirga. Idan abin da ya biyo bayan "ƙara" aiki ne, ma'anar ta koma maimaitawa, kuma kalmar 再 zài ce ga abin da bai faru ba tukuna, 又 yòu ga wanda ya riga ya faru. "Ƙara faɗa" ita ce 请再说一遍 qǐng zài shuō yí biàn. "Ya ƙara zuwa" ita ce 他又来了 tā yòu lái le. "Ba zan ƙara zuwa ba" ita ce 我再也不去了 wǒ zài yě bú qù le. Idan kuma hali ne ya ƙaru, 更 gèng ce: "ya ƙara tsada", 更贵了 gèng guì le. Farashin da ya tashi a kasuwa da kansa 涨价了 zhǎng jià le ne, shi kuwa 加价 jiā jià wani ne ya ɗora a kai da gangan. Gwajin da za ka riƙa yi kafin ka buɗe baki shi ne ka sa "sake" a madadin "ƙara". Idan jimlar ta zauna daidai, to ba 加 ba ce.

A girki akwai 放 fàng, mai nufin sanyawa, wadda masu dafuwa suke yawan amfani da ita ga kayan ɗanɗano tun daga tukunya: 不要放辣椒 bú yào fàng làjiāo. Ita 加 ta fi nuna ƙari a kan abin da aka saba. Duka biyun za a gane su. Sannan akwai manyan kalmomi uku masu ɗauke da 加 waɗanda ba a gajarta su: 参加 cānjiā, halartar taro ko biki ko baje koli, kamar 参加广交会 cānjiā Guǎngjiāohuì, halartar baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara a Guangzhou, 加入 jiārù, shiga ƙungiya a zama ɗanta, da 增加 zēngjiā, ƙaruwar adadi a rubutu da rahoto.

Yadda za a yi atisaye

Ka ɗauki sunaye goma na abubuwan da kake hulɗa da su da gaske. Mai sayen takalma ya ɗauki kwali, launi, awo da kuɗin dako. Ɗalibi ya ɗauki abincin kantin makaranta. Kowane suna ka bi da shi ta siffofi shida da babbar murya: jiā, zài jiā, duō jiā, shǎo jiā, bié jiā, méi jiā. Jimloli 60 ke nan, kuma ba za su ci maka fiye da minti 15 ba. Ka yi haka kwana uku kana ɗaukar murya kana kwatantawa da furucin ƙamus na waya irin su Pleco. A rana ta huɗu ka shigar da lamba da kalmar awo. A ta biyar ka rubuta jimlolin Hausa 20 masu "ƙara", ka ware waɗanda "sake" take shiga cikinsu, ka ba kowace kalmarta tsakanin 加, 再, 又 da 更. Daga nan sai ka tura wa wani Basine da kuke hulɗa saƙon murya maimakon rubutu, domin rubutu yana ɓoye kuskuren karin sauti. Idan a Guangzhou kake, za ka ji tsofaffi da 'yan gari suna furta harafin kamar "ga", saboda harshen Kantonis suke yi a tsakaninsu. Kai ka tsaya a kan jiā, da ita za su amsa maka a shago.